Burkina Bayan Tashi Daga Makaranta: Lissafin Wata Malama a Aboabo

Malamar da wannan nazari ya shafa tana koyarwa a wata firamaren gwamnati a Kumasi ta ƙasar Ghana, tana zaune da maigidanta da 'ya'ya uku a gidan haya a Aboabo, irin gidan nan mai tsakar gida ɗaya da mitar wuta ɗaya ga kowa. Ƙarfe shida da rabi na safe take fita, ba ta dawowa sai wajen uku da rabi. Albashinta ba ya kai ta ashirin ga wata. Ta iya burkina tun a gaban mahaifiyarta, wato nono mai kauri da dambun gero da sukari, a sha da sanyi. Da gora talatin ta fara ranar Asabar, tana sayar wa maƙwabta da abokan aiki a kan sidi 12 na kuɗin Ghana. Kafin la'asar ɗin Lahadi babu ko ɗaya.

Zaɓin sana'ar ba shi da laifi. Burkina tana da kasuwa a Zangon Kumasi da wajensa, daga Aboabo da Asawase har kasuwar Kejetia, kuma ba Musulmi kaɗai ke shanta ba. Kayan aikin na gida ne, jarin farko bai kai albashin wata ba. Inda aka samu matsala shi ne lokacin da ciniki ya yi kyau ta faɗaɗa, domin ta auna girman sana'ar da yawan masu nema, ba da awoyin da aikin gwamnati ya bar mata ba, ba kuma da abin da firjinta zai iya sanyayawa ba.

Abin da haɗi ɗaya ke ci

Haɗi ɗaya a wajenta gora 60 ne, kowace rabin lita. Madarar gari kilo 3 a ruwa lita 21, sukari kilo 2, gero olonka ɗaya, wato kimanin kilo biyu da rabi, sai yogot marar sukari rabin lita wanda shi ne iri. Da madarar gari take yi, ba da nonon Fulani ba, don nonon shanu ba ya samuwa kullum a ƙayyadadden lokaci, kuma ɗanyensa yana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar bakkale, dole sai an dafa shi sosai. Mai zuwa aiki da safe ba ta da lokacin jiran mai nono.

Geron shi ne aikin ƙarfi. A surfa, a sheƙe dusa, a wanke, a rege tsakuwa sau biyu, a baza ya sha iska, a kai nika-nika. Garin ana yayyafa masa ruwa kaɗan-kaɗan ana murzawa da tafin hannu a faffaɗan kwano har ya dunƙule ƙanana-ƙanana, a bi da shi ta rariya mai manyan ido don girmansa ya daidaita, sannan a turara a madambaci. Turare ɗaya ba ya isa. A sauke bayan kamar minti ashirin, a wargaza da cokali, a ɗan yayyafa ruwa, a mayar. Dambun da bai nuna ba yana taurara idan ya shiga sanyi, mai sha ya ji gari-gari a haƙori. Wanda ya ci karo da tsakuwa kuwa ba zai dawo ya yi ƙorafi ba, zai canza mai sayarwa ne kawai.

Nonon aikin agogo ne. A dama madara, a ɗora a wuta ana juyawa har ta kai digiri 85, a riƙe ta a nan minti ashirin zuwa talatin. Wannan zafin ne ke kashe ƙwayoyin da ba a so, shi ne kuma ke sa nonon ya yi jiki. Sai a tsoma tukunyar a baho mai ruwan sanyi ana canza ruwan har zafin ya sauko digiri 43 zuwa 45, a zuba iri, a juya, a rufe, a naɗe da bargo. Idan aka zuba iri madara na sama da digiri 50, ƙwayoyin da za su yi aikin sun fara mutuwa, nono ba zai kama ba. Idan ta huce da yawa, zai ja lokaci, kuma wasu ƙwayoyin su riga na irin. Malama da yatsa take gwadawa a farko. Yatsa yana yi wa lita biyar, amma a tukunyar lita ashirin da wani abu saman yakan huce ƙasan na nan da zafinsa, don haka ma'aunin zafi na kicin ya zama dole, kuma sai an juya kafin a tsoma shi.

Ga kuɗin haɗi ɗaya a farashin lokacin da aka zauna lissafin: madara sidi 270, sukari 40, gero 40, goruna 90. Jimilla 440. Iyakar abin da Malama ke ƙirgawa ke nan, shi ya sa take ganin kowace gora ta tsaya mata a bakwai da 'yan pesewa, ribarta kusan biyar. Abin da ba ta sa a lissafi ba: niƙa 10, iri 25, sitika 30, ruwan leda jaka biyu 20, gas 20, wutar lantarki 25, kuɗin pragya (keke mai ƙafa uku) da trotro (motar haya) na sayo kaya da kai kaya 30. Waɗannan sun tashi 160. Ke nan haɗin sidi 600 ne, gora ɗaya sidi 10 daidai, tun ba a biya ta ladan hannunta ba. Dalilin da ƙananan kuɗin suka ɓoye shi ne daga aljihun albashi suke fita. Gas na gida ne, kuɗin mota a jakarta yake, wuta maigida ke saye. Albashi ne ke ciyar da sana'ar a ɓoye, ita kuwa tana ganin sana'ar ce ke taimakon albashi.

Faɗaɗawar azumi

Da azumi ya gabato, masu shaguna suka fara tambaya. Ta karɓi shaguna bakwai tsakanin Aboabo da Asawase da Sawaba, ta koma haɗi huɗu a mako, gora 240. Ta ci bashin da ake cira daga albashi ta sayi firiza. Sharaɗin da masu shagunan suka kawo shi ne wanda suke ba kowane sabon mai kaya: su karɓa a sidi 10, su biya bayan sun sayar, abin da ya lalace ta ɗauki abinta. Wani dattijo mai shago kusa da tashar motocin arewa ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: “Malama, ni firjina na lemo ne da ruwa. In wuri ya rage in sa naki, in bai rage ba ya jira a kwali.” Ta ce, “To Alhaji, Allah ya sa albarka.” Ba ta gane cewa ya gama gaya mata yadda kayanta za su lalace ba.

Lissafin mako a wannan tsari ba ya buƙatar dogon bayani. Gora 240 sun ci sidi 2,400. Arba'in da take sayarwa da hannunta a 12 sun kawo 480. Cikin 200 na shaguna kusan 20 ke dawowa a kumbure ko da tsami, 180 sun kawo 1,800. An samu 2,280. Faɗuwar sidi 120 ke nan duk mako, ga bashin firiza ana yanka a albashi, ga kusan rabin kuɗin shagunan yana hannun mutane har mako biyu. A idon maƙwabta kuwa kasuwa ta buɗe, don kullum ana ganin kula na fita daga gidan.

Goruna na kumbura ne saboda yis. Yis ya samu sukari da ɗumi sai ya yi iska, murfi ya tashi, wani lokaci ya yi tsartuwa a fuskar mai buɗewa. Ta hanya uku yake shiga kayan Malama. Ta farko, don rage kuɗin iri ta koma ɗibar nonon jiya tana haɗa na yau, na yau ta haɗa na jibi, har zagaye biyar ko shida, kowane zagaye yana tara baƙin ƙwayoyi. Ta biyu, ranar da goruna suka yanke mata ta cike da tsofaffi da aka wanke, alhali wuyan gorar roba da zaren murfinta ba sa wankuwa da soso. Ta uku, da hannu ake ɗibar dambu ana ɗurawa, hannun da ya taɓa kuɗi da waya.

Dambun yana da wani haɗarin da ya fi kumburi. Hatsin da aka dafa aka bari a ɗumi awoyi da yawa wuri ne na ƙwayar Bacillus cereus, wadda turare ba ya kashe 'ya'yanta, kuma tana sa amai da gudawa. Malama takan turara da dare ta bar shi a rufe cikin madambaci har gari ya waye. Daidai shi ne a baza shi a faffaɗan tire ya huce cikin awa ɗaya zuwa biyu, a rufe, a sa a firji. Ba a kuma zuba shi da ɗumi cikin nono, don nonon zai tsinke, ruwa ya hau sama.

Tsamin da ake ƙorafi a kai kuwa laifin jadawali ne, kuma a nan ne aikin albashi da sana'ar suka yi karo kai tsaye. Tana dawowa uku da rabi ta ɗora madara, ta zuba iri bayan magariba, wajen shida da rabi. Nono yana kamawa cikin awa shida zuwa takwas, wato tsakanin sha biyu da rabi da biyu da rabi na dare. Macen da za ta tsaya gaban yara arba'in da safe ba za ta tashi a wannan lokaci ba, sai ta bar shi har asuba. Ya yi awa goma ko sha ɗaya a bargo, ya wuce. Daga nan ta ɗura shi a goruna da ɗuminsa don ta samu fita aiki, ta jera sittin a firjin gida wanda zai kwashe yini bai sanyaya su ba, tsami na ci gaba a cikin gora. Da ta ga haka ta koma jefa su a firiza, suka daskare, da suka narke nonon ya rabu gida biyu.

Sai wuta. Kumasi ta ga dumso, wato yawan ɗauke wuta, mai tsanani a shekarun 2014 da 2015, kuma ko yanzu da abin ya yi sauƙi ana ɗaukewa ba sanarwa. Firjin da ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa huɗu, firiza cike kuwa tana iya kai kwana biyu. Wata ranar Laraba wuta ta tafi da hantsi Malama na aji, yara suka dawo suna ta buɗe firji neman ruwa, haɗi guda ya tafi. Wani abin da ba ta hango ba shi ne mitar gidan: da firiza ta shigo, katin wuta ya fara ƙarewa da wuri, 'yan haya suka taru suka ƙara mata kaso, aka kuma yi 'yan kwanaki ba a gaisawa da daɗi.

A makaranta, ta makara sau da yawa a wata guda har shugaban makaranta ya kira ta ofis, kuma an lura wayarta ba ta hutawa a aji. A ganinmu wannan ya fi duk asarar nonon nauyi. Albashin ne ke biyan haya, a kansa ake zuba mata kuɗin fansho na SSNIT, kashi 5.5 daga nata da kashi 13 daga gwamnatin da ta ɗauke ta aiki, shi ne kuma ya sa aka yarda aka ba ta bashi tun farko. Sana'ar gefe da ke taɓa wannan ta wuce gona da iri ko da tana kawo riba, balle wadda ba ta kawowa.

Gyaran da aka yi

Gyaran farko ragewa ne. Haɗi biyu a mako, gora 120, shaguna uku kawai, waɗanda suka yarda ta ga inda kayanta za su zauna a firji. Farashin shago ya koma 13, na hannu 15. Biya ranar kai sabon kaya, ba a ajiye na biyu sai an biya na farko. Shaguna biyu sun ce ta yi tsada suka koma wa wata, aka bar su suka tafi. Gora goma sha biyu zuwa sha biyar ake ajiye wa kowane shago a lokaci guda, sauran a bi da su washegari, domin gara mai shago ya kira ya ce sun ƙare da ya kira ya ce sun kumbura.

Jadawalin aka juya shi ya bi salla da makaranta. Gero gaba ɗaya na mako ana gyara shi a niƙa ranar Asabar, a shanya garin ya bushe sarai, a murza a turara na kowane haɗi a ranarsa. Madara ba a ɗora ta sai bayan isha'i, a zuba iri wajen tara da rabi zuwa goma na dare, a buɗe bargo da asuba, awa bakwai ke nan. Ba a ɗurawa a lokacin. A raba nonon a bokitai masu murfi na lita biyar-biyar, don ƙaramin mazubi ya fi saurin ɗaukar sanyi, a sa a firji, a tafi aiki. Da yamma an dawo ya yi sanyi ya daɗa kauri, sai a zuba sukarin da aka narkar a tafasasshen ruwa kaɗan ya huce, a ɗura da ludayi da mazurarin da aka zuba wa ruwan zafi, dambu da cokali, kai a ɗaure, hannu a wanke. Iri sabo ake saye, kuma ba a wuce zagaye biyu da shi. Talata da dare da Juma'a da dare ake haɗawa, ke nan safiya ɗaya ce kacal ta ranar aiki abin ya shafa.

Firizar da aka riga aka ci bashinta ta samu aikin da ya dace da ita: daskarar da ruwan leda. Ƙanƙarar ita ke shiga kula wajen kai kaya, ita ake jerawa a firji idan wuta ta tafi, rarar kuma a sayar wa 'yan unguwa ta rage kuɗin wuta. Burkina wurinta firji, a digiri 4 ko ƙasa kaɗan, kuma Malama ta sa wa kayanta wa'adin kwana huɗu. Kai kaya ya koma hannun wata ƙanwar maigidanta da ke jiran sakamakon jarrabawa, ana ba ta sidi 60 kowane haɗi, da wanke-wanke a ciki. Biyanta da kuɗi a bayyane ya fi a ce taimakon gida ne, don wanda ake biya ana iya gaya masa ya makara.

Kuɗin sana'ar aka raba shi da na gida: layin MoMo (asusun kuɗi na waya) daban, da littafi mai gida huɗu, abin da aka kashe, abin da ya fita, abin da ya dawo, wanda ake bi. Tun da aka soke harajin tura kuɗi ta waya a watan Afrilun 2025, wanda aka fara karɓa a Mayun 2022, masu shago ba su da hujjar cewa sai sun tara tsaba. Farashi kuma ana duba shi duk ƙarshen wata, saboda madarar gari daga waje take zuwa, dala take bi. Wanda ya yi sana'a a Ghana a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba, ya san yadda ake sayar da kaya kaf a kasa sayo madadinsu. Madara ita ce kusan rabin kuɗin haɗi, idan kilo ya ƙaru da sidi 20, kowace gora ta ƙaru da sidi ɗaya.

Ga yadda mako ya koma. Haɗi biyu 1,200, ladan yarinya 120, jimilla 1,320, wato gora ta tsaya a 11. Arba'in na hannu a 15 sun kawo 600. Shaguna 76 a 13 sun kawo 988. Huɗu sun tafi a ɗanɗano da lalacewa. An samu 1,588, riba 268 a mako, sama da dubu kaɗan a wata. Awoyin Malama kusan 14 ne a mako, ke nan awarta ta tashi sidi 19. Ba kuɗin gina gida ba ne, amma yana ɗauke cefanen kwanakin ƙarshen wata. A lura kuma da siririn gefen da take tafiya a kai: haɗi ɗaya ya lalace, sidi 660 sun tafi, ribar mako biyu da rabi ke nan. Gorar da ta sayar da hannunta tana ba ta huɗu, ta shago biyu, don haka odar suna da biki da walima, inda ake biyan rabi tun kafin a ɗora tukunya, ta fi ƙarin shago amfani nesa ba kusa ba.

Takardu ba a gama da su ba. Ita da yarinyar sun yi gwajin lafiyar masu sayar da abinci sun karɓi shaida daga sashen duba-gari na majalisar Asokore Mampong, wadda Aboabo ke ƙarƙashinta. Amma abin sha da aka rufe a gora aka manna masa suna yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, FDA, bisa Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, kuma hukumar tana da tsarin lasisi mataki-mataki da ta buɗe wa masu ƙananan sana'o'i. Za su so ganin wurin aiki da aka keɓe, ba barandar da ake wanki da girkin gida ba, da sitika mai sunan kaya, abin da ke ciki, yawansa, adireshi, ranar yi da ranar ƙarewa. Rajistar sunan kasuwanci tana ofishin Magatakardan Kamfanoni, lambar Ghana Card, katin ɗan ƙasa, kuma ita ce lambar haraji tun Afrilun 2021. Harajin da ake cira a albashi na albashin ne kaɗai, ribar sana'a ana bayyana ta daban ga GRA, hukumar haraji ta Ghana. Sayarwa a harabar makaranta ta daina gaba ɗaya, abokan aiki da ke so suna aikowa gida.

A Yuli da Agusta da garin ke yin lumshi da sanyi, cinikin abin sanyi yana ja baya, sai ta koma haɗi ɗaya na Juma'a da dare. Daga Janairu zuwa Maris, da lokacin azumi, nema ya fi ƙarfin haɗi biyu, kuma shawarar da ta tsaya a kai ita ce na uku ba ya shiga sai a hutun makaranta ko da odar da aka biya. Bashin firiza saura wata biyar. Idan ya ƙare, kuɗin da ake yankewa zai koma adashe, kwasar farko ta tafi ga mitar wuta ta kanta da gyaran ɗan ɗakin ajiya na bayan gida, in mai gidan ya yarda, don a samu wurin da za a nuna wa jami'an FDA.